Kamun kifi daga gaɓa a Gana: yadda ake zaɓen wuri, daga Bolgatanga zuwa bakin teku

Bolgatanga ba ta da teku. Daga babban birnin yankin Upper East zuwa gaɓar Akara, wadda mutanen zango ke kira Ankara, tafiyar kusan kilomita 800 ce a mota. Duk da haka kifi na cikin abincin yau da kullum na zangunan Bolgatanga, Bawku, Yendi da Salaga, kamar yadda yake a sauran Gana, inda ake ƙiyasta cewa kifi ne ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin da jama'a ke samu daga dabbobi. Matasa da yawa daga waɗannan garuruwa sun fara jefa ƙugiya ne a bakin dam ko kogi, daga baya neman abinci ya kai su Akara, Tema, Sekondi ko Lome, inda suka tarar da wani ruwa mai hali dabam.

Mai kamu daga gaɓa ba shi da kwale-kwalen da zai bi kifi da shi, saboda haka wurin da ya tsaya shi ne rabin sana'arsa. Zaɓen wurin ya ƙunshi sanin inda kifi ke kiwo, da sanin wane ne ke da iko da ruwan, da kuma sanin ko ruwan yana da lafiya kuma ba zai ci mutum ba. Wannan bayani ya bi ruwayen Gana daga arewa zuwa kudu.

Ruwayen yankin Bolgatanga da Bawku

Manyan madatsun ruwa biyu ne a yankin. Na farko shi ne Vea, kimanin kilomita 10 daga Bolgatanga, a gundumar Bongo. An fara gina shi a 1965 a kan rafin Yarigatanga, aka kammala aikin noman ranin da ke tare da shi a 1980, faɗin ruwansa kuma ya kai kimanin hekta 400 idan ya cika. Na biyu shi ne Tono, kusa da Navrongo, wanda aka gina tsakanin 1975 da 1985, faɗinsa kuma ya haura hekta 1,800. Kamfanin noman rani na gwamnati, ICOUR, shi ne ke kula da su biyun. An gina su ne domin shinkafa da tumatir da ruwan sha, kamun kifi ya biyo baya, abin da ya sa masunci ke bin jadawalin manoma: idan aka buɗe ruwa zuwa gonaki a rani, gaɓa tana ja da baya mako bayan mako.

Sai koguna. Farin Volta, wanda a Burkina Faso ake kira Nakambe, yana shigowa Gana ta yankin Bawku, hanyar Zebilla zuwa Bawku ta haye shi a Kobore, sannan hanyar Bolgatanga zuwa Tamale ta sake haye shi a Pwalugu. Jan Volta, wato Nazinon, yana ratsawa tsakanin Nangodi da Tilli kafin ya haɗu da Farin. Ban da waɗannan akwai ƙananan dam masu yawa a ƙauyuka, waɗanda da dama daga cikinsu kan ƙafe kafin damina ta dawo.

Kifin waɗannan ruwaye sananne ne ga duk wanda ya san gulbin Kabi ko kogin Kwara: karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, ragon ruwa, kawara, bargi, tsage, da giwan ruwa wanda masu jin Faransanci ke kira capitaine. A dam karfasa da tarwaɗa sun fi yawa. Giwan ruwa da tsage sun fi son kogi da ruwa mai zurfi.

Yadda ake karanta gaɓar dam da ta kogi

A dam, gaɓa iri biyu ce. Ɓangaren da ke kusa da bangon madatsa yana da zurfi da duwatsu, can ne kifi ke komawa idan rana ta take a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ɓangaren da rafi ke shigowa kuwa ba shi da zurfi, yana da ciyawa da laka, kuma nan ne ruwan sama ke kawo tsutsa da ƙwari da dattin gona. Da farkon damina tarwaɗa kan yi tururuwa zuwa wannan baki domin hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Karfasa na haƙa ramukan ƙwai masu kama da faranti a ƙasa mai yashi inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Wanda ya ga irin ramukan nan ya san akwai kifi, amma masunta masu hangen nesa sukan bar wurin a lokacin ƙwai, domin uwar karfasa a bakinta take renon 'ya'yanta, kama ta ɗaya asarar ɗaruruwa ne.

Iska ma tana nuna wuri. Gaɓar da iska ke bugawa ita ce ake tara mata ƙananan halittun da kifi ke ci, don haka ta fi gaɓar da ke lafe albarka, ko da jifa ya fi wuya a can. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take busowa, ruwa ya yi sanyi da safe, kifi ba ya cin ƙoto sosai sai hantsi ya ɗaga. Tsuntsaye masu cin kifi, irin su zalɓe da cinoya, ba sa zama a inda babu komai.

A kogi, abin nema shi ne gurbi. Inda kogi ya yi kwana, ruwa kan ci gaɓar waje ya haƙa ta, ya zubar da yashi a gaɓar ciki. Zurfi yana waje, amma gaɓar wajen ce ke zaftarewa, musamman bayan ruwa ya ja, saboda ƙarƙashinta a rarake yake. Ya fi aminci a tsaya a kan yashin gaɓar ciki a jefa zuwa zurfin. Ƙarƙashin gada, bayan manyan duwatsu, da mahaɗar ƙaramin rafi da babban kogi duk wurare ne da kifi ke laɓewa yana jiran abin da ruwa zai kawo. Da rani, idan Farin Volta ya yanke ya zama gurabe, yawancinsu suna da masu su, kuma akan ware ranar da jama'ar gari za su yi su tare. Baƙon da ya riga su jefa birgi a irin wannan gurbi ya jawo wa kansa magana.

A Vea akwai ƙarin dalilin kiyayewa: daga nan aka daɗe ana jan ruwan famfon Bolgatanga. Wajen da ake jan ruwan ba wurin kamu ba ne, kuma zuba duk wani magani a ruwan domin kashe kifi laifi ne da ya shafi lafiyar gari baki ɗaya.

Bagre da watannin ambaliya

Wanda zai tsaya a bakin Farin Volta dole ya san da madatsar Bagre da ke Burkina Faso, wadda aka gina a farkon shekarun 1990, kuma kamfanin lantarki na SONABEL ke gudanar da ita. Kusan kowace shekara, a Agusta ko Satumba, idan ta cika akan buɗe ƙofofinta. Ruwan yakan iso Gana ya haɗu da na sama, ya mamaye gonaki a Binduri, Bawku ta Yamma, Talensi, Pwalugu da ƙasar Mamprusi. Ambaliyar 2007 tana cikin mafi muni da aka gani a arewacin Gana. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NADMO, kan fitar da sanarwa kafin a buɗe, gidajen rediyo su yaɗa ta da harsunan yankin.

Haɗarin shi ne kogi na iya tashi ba tare da an yi ruwa a wurin ba. Tsibirin yashin da mutum ya taka ya shiga da safe zai iya rabuwa da gaɓa kafin azahar. A waɗannan makonni ba a tsayawa a tsibiri ko ƙarƙashin gaɓa mai tsawo. Lokacin da ya fi kyau shi ne Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ke janyewa daga fadamu, kifin da ya yi ƙiba a cikin ciyawa yana komawa kogi ta ƙananan hanyoyi. Bakin irin waɗannan hanyoyi shi ne wuri mafi albarka a shekara.

Kwarin Jan Volta yana da nasa labarin. A da, makantar bakin kogi ta kori mutane daga ƙauyuka da yawa a nan, saboda ƙudan da ke yaɗa ta yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu a kan duwatsu. Shirin yaƙi da cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta daga Wagadugu, tsakanin 1974 da 2002, ya rage ta ƙwarai. Har yau giwaye na bin wannan daji tsakanin Burkina Faso da Gana, don haka ba wurin kwana ba ne ga mutum ɗaya. A Bawku da kewaye kuma, dokar hana fita da ma'aikatar cikin gida ta sha sabuntawa tun ƙarshen 2021 ta shafi fita da asuba da dawowa da dare, wato lokutan da masu ƙugiya suka fi so. Ana duba halin da dokar take ciki kafin a tsara fita.

Yendi, Salaga da tafkin Volta

Yendi ta dogara da kogin Daka, wanda ke raguwa sosai da rani har ruwan sha ya yi wa gari wuya. Mai neman ruwa mai ɗorewa gabas yake yi, zuwa kogin Oti a Sabari, kan hanyar Zabzugu, ko kuma Saboba. Oti ya taso ne daga Pendjari a Benin, ya bi ta Mango a Togo, wato ta kan tsohuwar hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Yana da gaɓa mai tsawo da yashi mai faɗi da rani, kuma dokar gaɓar ciki da ta waje tana aiki a nan kamar a Farin Volta.

Salaga, wadda ta kasance babbar kasuwar goro har yaƙin basasar 1892 ya watsa fatakenta zuwa Kete Krachi, Yeji, Kumasi da Akara, ta sami kanta kusa da wani sabon ruwa bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965. Tafkin Volta ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kusan 80,000, ya kuma haɗiye tsohuwar Kete Krachi tare da zangonta. Daga Salaga ana isa bakinsa a Makango, inda jirgin fito ke ƙetarawa zuwa Yeji, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifin ruwan daɗi a ƙasar, ko kuma a Kafaba.

Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya rufe shi, saboda haka ƙarƙashin tafkin cike yake da kututture. Kifi na son su, domin gansakuka da ƙwari na taruwa a jikinsu, amma suna cinye ƙugiya da zare, suna kuma fasa jiragen ruwa. Mai kamu daga gaɓa yana neman gefen kututturan, ya yi amfani da abin yawo a saman ruwa domin ƙoto ya rataya sama da rassan. Gaɓar tafkin a shimfiɗe take a wurare da yawa, ruwa yakan kai ƙololuwa wajen Oktoba da Nuwamba, ya yi ƙasa sosai wajen Yuni da Yuli. Bambancin zai iya mayar da bakin ruwa baya da nisa mai yawa, ya bar taɓo mai riƙe ƙafa. Wuraren da tsohuwar hanyar kogi ta matso kusa da tudu su ne ke da zurfi kusa da gaɓa duk shekara, masuntan wurin kuma, waɗanda akasarinsu Ewe ne na Tongu da mutanen Ada da Fante, sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Tsargiya ta yi katutu a bakin tafkin Volta da magudanan Tono. Dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana zama a ruwa marar gudu mai ciyawa, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Gaɓa mai dutse ko busasshen yashi, inda mutum zai yi jifa ba tare da ya tsoma ƙafa ba, ta fi gaɓa mai ciyawa aminci. Wanda ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti, akwai maganin praziquantel.

Gaɓar teku kashi uku ce

Gaɓar tekun Gana ta kai kimanin kilomita 550, daga iyakar Kwaddibuwa zuwa Aflao, ta ratsa yankuna huɗu: Western, Central, Greater Accra da Volta. Masana sukan kasa ta uku.

Kashin yamma, daga iyaka zuwa bakin kogin Ankobra kusa da Axim, rairayi ne shimfiɗaɗɗe mai laushi, da tafkuna a bayansa. Kashin tsakiya shi ne mafi tsawo, daga Axim ya bi ta Cape Three Points, Sekondi, Elmina, Cape Coast, Winneba da Akara har wajen Prampram. Nan duwatsu ne ke kutsawa cikin teku, tsakaninsu kuma ƙananan lunguna masu yashi. Kashin gabas, daga Prampram zuwa Ada, Keta da Aflao, yashi ne zalla mai gangare, irin wanda ya zarce zuwa Lome da Aneho.

Kowane kashi da kifinsa. Kusa da duwatsu ana samun jan kifi, wato irin da Faransawa ke kira carpe rouge, da mérou, da barakuda. A kan yashi ana samun kifin da kasuwannin Akara ke kira cassava fish, masu Faransanci kuma bar, da capitaine na teku mai dogayen gashi a ƙarƙashin ƙirji, wanda ba shi da alaƙa da giwan ruwan kogi sai suna. Akwai kuma tarwaɗar teku da faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya. Bakin kogi, musamman mashigar Volta a Ada Foah, ya haɗa duka biyun, domin can ruwan daɗi da na gishiri ke gauraya, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su.

Yadda ake karanta rairayi

Ga sabon zuwa, bakin teku duk ɗaya ne. Amma ƙarƙashin ruwan akwai tudun yashi da kwari, kuma igiyar ruwa ce ke tona asirinsu. Igiya tana fashewa ta yi farin kumfa a inda ƙasa ta taso. Inda ruwa ya yi duhu ya lafa, akwai zurfi. A rairayi da yawa akan ga igiya ta fashe can nesa, ta sake haɗuwa, sannan ta fashe a bakin gaɓa. Tsakanin fashewar biyu akwai kwari da ke bin tsawon gaɓa, kuma nan kifi ke kai da komo yana tsintar ƙaguwa da tsutsar da igiya ta tono. Sau da yawa bai fi mita 20 zuwa 40 daga busasshen yashi ba, don haka mai jifa da ƙarfi yakan wuce kifin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a je wurin lokacin da teku ta janye, a hau tudu a zauna ana kallo na ɗan lokaci, a riƙe alama a tudu, kamar bishiyar kwakwa ko gini, daidai da kwarin. Rairayi mai gangare yana da zurfi kusa, ya dace da mai zaren hannu, amma ruwan da ke komawa yana da ƙarfin fizge ƙafa. Shimfiɗaɗɗen rairayi ya fi sauƙin tsayuwa, sai dai yana buƙatar doguwar sanda.

A wasu wurare tudun yashin yana da giɓi, ruwan da igiya ta turo gaɓa yana komawa teku ta nan da gudu. Giɓin yakan yi kama da wuri mai natsuwa, babu kumfa, wani lokaci ana ganin datti yana tafiya cikin teku. Gefensa wurin kamu ne mai kyau, cikinsa kuwa shi ne ya fi kashe masu wanka a wannan gaɓa, daga Abijan har Kwatano. Wanda ya iya iyo a dam ɗin Vea bai san wannan ruwan ba. Idan ya ja mutum, ba a kokawa da shi a nufi gaɓa kai tsaye. Ana barin jiki ya yi yawo, a yi iyo ta gefe, a bi tsawon gaɓa har a fita daga hanyarsa, sannan a nufi tudu. Lambar gaggawa a Gana ita ce 112.

A kan duwatsu, dutsen da ya jiƙe ko ya yi kore alama ce igiya na kai masa. Ba a juya wa teku baya, kuma kafin a sauka ana lura da ko cikar teku za ta datse hanyar komawa. Gabashin ƙasar kuma teku na cin gaɓa: ta rushe wani ɓangare na tsohon sansanin Prinzenstein da ke Keta, a Nuwamban 2021 kuma ta raba dubban mutane da gidajensu a Keta, Anloga da Ketu ta Kudu. Jerin duwatsun da aka zuba domin kare gaɓa suna tara kifi, amma suna da santsi da ramuka.

Wata da yanayi

Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin kimanin awa 25, kowace rana kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A Gana bambancin cika da janyewa ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, amma ya isa ya buɗe ko ya rufe kwari. Mai lissafi da watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cika mafi girma tana zuwa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, mafi ƙanƙanta kuma wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata. Galibi awanni biyu kafin teku ta gama cika, idan suka dace da asuba ko magariba, su ne mafi albarka.

Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku ɗauke da abincin kifi, ƙananan kifaye irin sardin su yawaita. Akwai ƙaramin irinsa wajen Janairu. Sai dai watannin damina su ne kuma na manyan igiyoyi da ke tasowa daga kudancin Atlantika. Da hunturu teku ta fi kwanciya, shi ne lokacin da ya dace da mai koyo. Hukumar hasashen yanayi ta Gana tana fitar da bayanin halin teku ga masunta.

Ruwan da ake gudu

Wurin da ya fi kusa da unguwannin 'yan arewa a Akara shi ne mafi muni. Kogin Odaw yana kwaso dattin birni ya bi ta Agbogbloshie da Old Fadama ya zuba a tafkin Korle, daga nan ya shiga teku kusa da Jamestown. Tafkin Chemu a Tema yana karɓar ruwan masana'antu. Kifi na taruwa a bakin irin waɗannan magudanai, amma ba na ci ba ne. A yamma, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wato galamsey, ta mayar da kogunan Pra da Ankobra ruwan kunu, kuma masu wanke zinariya na amfani da sinadarin makuri, wanda ke taruwa a jikin manyan kifaye masu cin 'yan uwansu. Wannan damuwa ta shafi rafukan da ke kusa da ramukan zinariya na Talensi da Nangodi.

A Afrilun 2021 teku ta turo matattun kifaye masu yawa gaɓar Osu, da dabbobin ruwa irin dolfin a wajen Axim, hukumar kula da abinci da magunguna ta gargaɗi jama'a kada su ci. A mazhabar Malikiyya mushen teku halal ne, amma wannan bai sa kifin da ba a san abin da ya kashe shi ba ya zama lafiyayye. Talibambam kuwa, na kogi da na teku, yana da dafi a hanta da ƙwai da fata wanda dahuwa ba ta kashewa.

Masu wuri da doka

Babu bakin ruwan da ba shi da mai shi. A ƙasar Frafra da Kusasi, tindana ne mai kula da ƙasa da wuraren tsafi, kuma akwai tafkunan da ba a kamu a cikinsu. Kadojin Paga misali ne da kowa ya sani: mutanen garin ba sa yarda a taɓa su. A bakin teku kowane masauki yana da sarkin masunta, Fante na ce masa apofohene, Ga kuma woleiatse, matsayinsa kamar na sarkin ruwa ne a ƙasar Hausa. Gaishe shi da neman izini kafin a fara, zai fi kyau ta hannun sarkin zango ko wani ɗan gari, yana kawar da rigima, kuma a wajensa ake jin inda ruwa ke cin mutane.

A mafi yawan garuruwan Ga da Fante ba a shiga teku ranar Talata. Ko da mai ƙugiya yana ganin al'adar ba ta shafe shi ba, baƙon da ya yi kamu a gaban masuntan da suka ajiye aiki ya ɓata wa kansa da 'yan unguwarsu suna. Tafkuna ma suna da lokacin rufewa. A Elmina, bikin Bakatue da ake yi a Talatar farko ta Yuli shi ne ke buɗe tafkin Benya bayan makonnin hani. Inda ake jan taru daga gaɓa, kamar a Keta, Ada da Winneba, ba a jifa a tsakanin igiyoyin tarun.

A ɓangaren gwamnati, dokar kamun kifi ta 2002 da ƙa'idojin 2010 sun haramta amfani da nakiya, da guba, da fitila mai jawo kifi, da raga mai ƙananan idanu. Majalisa ta yi sabuwar doka a 2025. Saboda raguwar sardin, an fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata ɗaya a 2019, daga 2021 zuwa 2024 kuma aka tsayar da watan Yuli, manyan jirage su yi wata biyu. Tsarin yana sauyawa, ofishin Hukumar Kamun Kifi na yanki shi ne wurin tambaya, kuma tana da ofisoshi a arewa ma. Tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi ba a shiga sai da izini. Tafkunan Keta, Songor, Sakumo, Muni da mashigar Densu wurare ne masu kariya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai a rairayin Ada kuma doka ta hana kama shi ko kwashe ƙwansa.

Kayan aiki gwargwadon wuri

A dam da kogi, gora ko sanda mai sauƙi, siririn zare da ƙaramar ƙugiya sun isa karfasa, da tana ko ƙullin gari a matsayin ƙoto. Tarwaɗa da ƙurungu a ƙasa suke kiwo, sun fi cin ƙoto mai ƙarni da dare, ƙayoyinsu kuma suna buƙatar hattara wajen cire ƙugiya. Giwan ruwa ƙaramin kifi mai rai yake so, a zare mai kauri. Tsage yana yanke zare da haƙori, sai an sa guntuwar waya kafin ƙugiya.

A rairayin teku ana amfani da sanda mai tsawon mita 3.5 zuwa 4, da darma mai nauyin giram 100 zuwa 150 wadda za ta kama yashi, domin ruwan gaɓar Gana yana jan komai daga yamma zuwa gabas. Jatan lande, yankan sardin da ƙananan ƙaguwar da ake tonowa a jiƙaƙƙen yashi su ne ƙoton da aka saba. A kan duwatsu darma mai sauƙi ta fi, kuma akan ɗaura ta da zaren da bai kai na ƙugiya ƙarfi ba, yadda idan ta maƙale ita kaɗai za a rasa. Gishiri yana cin ƙarfe cikin kwanaki kaɗan, don haka ana wanke ƙugiya da abin naɗi da ruwan daɗi bayan kowace fita, kifin kuma a fasa cikinsa a sa a inuwa ko ƙanƙara tun a gaɓa.